Daga Gamba Zuwa Injin Juyi: Nazari a Kan Alƙalamin Itace da Rinin Katako a Shehuri, Maiduguri

Tsakure

Wannan nazari ya ɗauki sana'ar sassaƙa alƙalamin itace a kan injin da ke juya katako, tare da rina shi, ya auna ta da mudun unguwar Shehuri ta birnin Maiduguri, inda alƙalami ya daɗe da zama ɗan gida. An waiwayi tarihin rubutu a Borno, an kwatanta alƙalamin gamba da na inji, an duba itatuwan yankin da yadda iskar Maiduguri ke wasa da su, sannan aka yada zango a kan rini. Abin da ya bayyana shi ne, injin da 'yan ƙarafan cikin alƙalami su kaɗai ne baƙi. Sanin itace da sanin launi suna nan a gida, sai dai sun warwatsu a hannun alarammomi da masassaƙa da dukawa da marina. Tattara wannan sani wuri guda shi ne jarin sana'ar.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren tsangaya da hantsi ya san wannan abu. Almajiri zai matso ya durƙusa, allo a cinya, ya miƙa alƙalami da hannu biyu ya ce, "Allah gafarta Malam, bakinsa ya mutu." Malam ba ya ko ɗaga kai sosai. Zai zaro reza, ya fiƙe gefen dama, ya fiƙe na hagu, ya ɗora bakin a kan farcensa ya datse shi a karkace, ya ƙara tsagar kaɗan, ya tsoma a kurtu ya ja layi ɗaya a gefen allo. In layin ya fita da kauri inda ake son kauri, ya sirance inda ake son siranta, sai ya mayar wa yaro. Duka aikin bai kai minti ɗaya ba, kuma ko kwabo ba a kashe ba.

A wasu ƙasashe, musamman Amurka da Ingila, akwai wata sana'ar alƙalami ta daban. Mutum zai ɗauki guntun katako mai kyan zane, ya huda shi, ya ɗora a kan injin da ke juya shi da gudu, ya yi ta yanka har ya zama gangar jikin biro, ya rina, ya goge, ya sayar da tsada ko ya ba da kyauta. A garuruwanmu an san irin wannan inji a wurin kafintoci masu fitar da ƙafafun gado da na kujera. A wannan nazari za a riƙa kiransa injin juyi.

Tambayar da ake son amsawa ita ce: in wannan sana'a za ta zauna a wuri irin Shehuri, me za ta tarar a ƙasa, me kuma za ta zo da shi? Amsar tana da muhimmanci ga matasan da ke neman abin yi, da kuma tsofaffin sana'o'in da ke ƙara rasa magada.

2.0 Shehuri da Gadon Alƙalami

A harshen Kanuri, ɗafa "ri" a ƙarshen suna na nuna mazauni. Shehuri ke nan mazaunin Shehu, kamar yadda Hausari take mazaunin Hausawa. Unguwar ta kafu ne a kewayen fada bayan Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, wato Maiduguri, a shekarar 1907, kuma a yau ta kasu mazaɓu biyu, Shehuri ta Arewa da Shehuri ta Kudu. A ma'aunin tarihin Borno, shekara ɗari da 'yan kai ba wani tsufa ba ne. Abin da ya tsufa shi ne kayan da mutanen suka taho da shi daga Kukawa, wadda Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814, da kuma Birnin Ngazargamu kafin ita.

Babban abin da ke cikin wannan kaya shi ne rubutun Alƙur'ani. Sarakunan Kanem, tushen daular Borno, sun karɓi Musulunci tun ƙarni na 11, kuma a tsakiyar ƙarni na 13 har makaranta suka gina a Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani ɗan Ingila, A. D. H. Bivar, ya ɗauki hoton wasu tsofaffin Alƙur'anai na Borno masu sharhi da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669. Salon rubutun ya shahara har ya samu suna nasa na kansa, Barnawi. Har gobe ɗalibi daga Kano ko Haɗeja ko Damagaram yana cewa zai tafi Gabas karatu, kuma Gabas ɗin Borno ake nufi. Gwanin Hausa shi ne Gonin Kanuri, tsangaya kuma sangaya.

Akwai wani abu a tarihin nan da ya shafi nazarinmu kai tsaye. Takardar da aka rubuta yawancin waɗannan littattafai a kai ba a nan ake yin ta ba. Daga Turai take zuwa, da yawanta daga arewacin Italiya, irin mai tambarin jinjirin wata uku, fatake su ratso Sahara da ita ta Tarabulus da Fezzan. Amma alƙalami na gida ne, tawada ta gida, fatar tadarishi da gafaka ta gida, hannun da ya rubuta ma na gida. Shi ya sa ba wanda ya taɓa kiran littafin na Italiya. Borno ta saba karɓar kayan aiki daga nesa ta sa masa nata hatimi, kuma da wannan ido ya kamata a dubi injin juyi.

3.0 Alƙalami Iri Biyu

3.1 Alƙalamin gamba

Ana yin alƙalamin allo da karan gamba ko sillen karan dawa. Halittar karan ce ta dace da aikin: bayansa na da ɓawo mai tauri da santsi wanda ke riƙe kaifi, cikinsa kuma da totuwa mai taushi da ke saurin fita. Tsagar da ake yi a baki ita ke jan tawada ta riƙe ta, ta riƙa sakinta a hankali gwargwadon yadda marubuci ya danna. Faɗin baki da karkatarsa su ke yanke hukuncin kaurin harafi, don haka mai rubuta Alƙur'ani yakan ajiye alƙaluma da yawa: na baƙi, na jan wasali, na rawayar hamza, na zayyana. A nan darajar duka tana a baki da kuma hannu. Jikin alƙalamin abin yarwa ne.

3.2 Alƙalamin inji

Injin juyi tsohon abu ne. A kabarin Petosiris da ke Masar, na wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai zanen mutum biyu, ɗaya yana jan igiya yana juya itace, ɗaya yana yanka. Har yau a kasuwar Marrakesh ta Maroko akwai masu juya itace da baka da tsirkiya, suna dafe ƙarfen yanka da yatsun ƙafa, kuma da irin wannan dabara aka yi tagogin katako na tsofaffin gidajen Alƙahira. Wajen 1800 Henry Maudslay ya inganta injin juyin ƙarfe a Landan, daga baya lantarki ya karɓi aikin igiya da ƙafa. Ƙa'idar dai ba ta canza ba. Masassaƙi da gizago yana zagaya itace ne yana sara, mai injin juyi kuwa tsayawa yake wuri guda itacen ya riƙa zuwa wurin wuƙa.

Ga yadda ake fitar da alƙalami mafi sauƙi. Ana yanka katako mai kusurwa huɗu, kaurinsa wajen santimita 2, tsawonsa wajen 13, a raba shi biyu. A huda kowanne a tsaye da rami mai faɗin milimita 7, a shafa gam a cusa bututun tagulla. In ya bushe a daidaita bakunan, a zura su a wani tsinken ƙarfe, a ɗaure tsakanin kai da gindin inji. Da an kunna, katakon na zagayawa sau dubu biyu zuwa uku a minti ɗaya. Da farko ƙarfen yanka zai riƙa karo da kusurwoyi, kakat-kakat, ɓarɓashi na tsalle. Can sai ƙarar ta kwanta ta koma shuuu, ɓawon ya fara fita dogo-dogo kamar taliya, alamar katakon ya zama mulmulalle. Daga nan ake rage shi sannu a hankali har naman itacen da ya rage a bakin bututu bai fi milimita ɗaya ba. Sai a bi shi da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a rina, a shafa abin ƙyalli, a matsa ƙarafan baki da na gindi, a sa cikin biro.

A wannan alƙalami lissafin ya juye. Abin da ke yin rubutun, wato ɗan ƙwallon ƙarfe da tawadarsa, daga masana'anta yake, zuriyar ƙirƙirar László Bíró ta 1938 wadda ta bar mana kalmar biro. Abin da mai sana'a ke sayarwa shi ne jiki: wane itace, wane launi, wane santsi a hannu. Saboda haka alƙalamin inji ba kishiyar na gamba ba ne, kuma ba zai ture shi daga kan allo ba. Kowanne da kasuwarsa. Tunda kuwa kasuwar na inji ta rataya ne a kan itace da launi, su ya kamata a tsananta bincike a kansu.

4.0 Itace da Iskar Maiduguri

Masassaƙanmu ba su taɓa ɗaukar itatuwa a matsayin abu guda ba. Aduwa ake nema don allo, domin namanta fari ne mai ɗan rawaya, a matse yake, ba ya shan tawada ya yi jirwaye. Ƙirya ake nema don turmi da taɓarya, saboda nauyinta da jurewar duka, kuma gawayinta maƙera ke so. Kanya da zuciyar tsamiya suna da tauri da duhun launi. Maɗaci na da ja mai kyau da sauƙin aiki. Giginya, wadda ake azara da ita, tana da baƙaƙen jijiyoyi da ke fitowa kamar zane in an goge ta, ko da yake tana saurin tsagewa a bakin wuƙa. Ga kuma darbejiya, ko maina, wadda aka shigo da ita lardin Borno a 1928 har ta zama inuwar titunan Maiduguri. Dangin maɗaci ce, zuciyarta ja-ja ce, gara ba ta cika son ta ba, kuma kullum ana sassabe rassanta. Duk siffofin da ake nema a katakon alƙalami, wato matsewar nama da tauri da karɓar guga, suna cikin wannan jeri.

Babbar jarrabawar ita ce iska. Itace ko ya bushe yana numfashi: yana shan laima daga iska ya kumbura, ya sake ta ya tsuke. A Maiduguri, cikin Fabrairu da Maris, laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ta haura 70. A yanayi na farko ruwan da ke jikin busasshen katako kan sauka zuwa wajen kashi 4 cikin 100 na nauyinsa, a na biyu ya hau zuwa wajen 14. A ƙiyasin masana katako, duk sauyin kashi 4 na ruwa yana sauya faɗin itace da wajen kashi 1. Kewayen bututu mai milimita 7 ya kai milimita 22. Ke nan katakon da aka juya da damina yana iya neman tsukewa da wajen rabin milimita in hunturu ya kama, alhali tagullar da ke cikinsa ba ruwanta da laima. Itace mai kaurin milimita ɗaya ba shi da inda zai kai wannan matsi, sai ya tsage a tsaye.

Maganin yana cikin lissafin. A juya alƙalami da rani, lokacin da katako ya kai ƙarshen tsukewarsa. A toshe bakunan ɗanyen itace da kakin zuma ko fenti kafin a shanya shi a inuwa, don ta baki ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. A yi amfani da gam mai ɗan danƙo wanda ke ba itace damar motsi. Mafi kyau duka, a nemi itacen da ya riga ya ga hunturu da yawa. Tsohuwar taɓaryar ƙirya da ta karye, mai tsawon mita ɗaya da kaurin santimita 6, za ta ba da katakon alƙalami fiye da 20, kuma ta gama duk wani motsi da za ta yi. Haka ɓallin turmi, da ƙafar tsohon gado, da azarar gidan da aka rushe. Da tsohuwar zuma ake magani. Abu ɗaya ne ba ya shiga wannan lissafi: tsohon allo da ya ɗauki Alƙur'ani yana da alfarmarsa, ba a kai shi bakin inji.

5.0 Rini

5.1 Launi mai zama a sama da launi mai shiga jiki

Masana rini sun raba launi gida biyu. Akwai gari mai launi da ba ya narkewa, sai an haɗa shi da abin da zai manna shi a saman abu, kamar fenti. Akwai kuma launin da ke narkewa ya ratsa cikin zare ko nama ya kama. Na farko yana rufe zanen itace, na biyu yana fito da shi. Alaramma ya san wannan rabe-rabe a aikace tun kafin a rubuta shi a littafin kimiyya. Tawadar allo zuge ne da ƙaro: garin gawayi ne ke zaune a saman aduwa, ƙaro ya riƙe shi, ruwa na taɓa shi ya tashi. Da gangan aka yi ta haka, don a wanke a sake rubutu, ko a sha. Tawadar takarda kuwa so ake ta zauna har jikoki, shi ya sa a cikin haɗe-haɗenta akwai na bagaruwa da ƙarfe, kamar yadda binciken Michaelle Biddle na 2011 kan tawadar littattafan arewacin Nijeriya ya tattaro. Alƙalamin da zai yini a hannu mai gumi irin launi na biyu yake bukata.

5.2 Baƙi

Baƙi shi ne launin da muka fi ƙwarewa a kai, ta hanya biyu. Ta farko wuta ce: masassaƙa kan babbake bayan akushi ko su bi shi da jan ƙarfe, sannan su shafe da mai. A kan injin juyi ana samun irin wannan ta hanyar danna siririyar waya a jikin katako yana gudu, zafin gugar ya bar baƙin zobe tsaf.

Hanya ta biyu ita ce haɗuwar ƙarfe da bauri. Abin da ke sa bagaruwa ɗaure baki shi ne sinadarin da masana ke kira tanin, kuma da shi majema ke jeme fata. Dukawa kan jiƙa kashin maƙera ko tsatsan ƙarfe a ruwa mai tsami ya yi kwanaki, su sami kuloko, su zana shi a kan fatar da ta sha bagaruwa, nan take wurin ya yi baƙi. Masu rinin bogolan a Mali suna tsoma zane a ruwan ganyen marke, su shafa taɓo mai ƙarfe a kai, su sami baƙi. Masu juya alƙalami a Turai da Amurka suna jiƙa soson ƙarfe a ruwan khal su shafa wa katako don ya yi kamar kanya. Abu ɗaya ne ke faruwa a duk wuraren nan: narkakken ƙarfe ya gamu da tanin, su haifi wani sabon sinadari baƙi a cikin naman abin.

Kowa na iya gwada wannan a tsakar gida. A daka kwasfar bagaruwa a tafasa, a tace. A shafa ruwan a guntun darbejiya da aka goge, a bar shi ya sha iska. Ba za a ga wani canji ba in ban da ɗan duhu. Sai a tsoma tsumma a ruwan ƙarfe a ja sau ɗaya. Kafin a ƙirga ashirin wurin zai yi toka-toka, ya koma shuɗi-shuɗi, ya rufe baƙi ƙirin, amma jijiyoyin itacen suna nan ana ganinsu. Itatuwa masu bauri a jikinsu ba sa ma bukatar bagaruwa da yawa, farare irin aduwa kuwa sai an maimaita shafi biyu ko uku. Wanda ya iya sarrafa ƙarfin ruwan biyu zai fitar da launi daga toka har zuwa baƙi wuluk, da kayan da ake samu a kowace kasuwar kayan jima.

5.3 Ja da rawaya da shuɗi

Jan da ya ɗaukaka fatar ƙasar Hausa a kasuwannin Afirka ta Arewa daga karan dafi yake, wata irin dawa da ake nomawa don jan kuben ganyenta. Ana fitar da launin da ruwan toka ko kanwa, kuma yana kama farin itace da kyau. Rawaya sunan tsiro ne kafin ya zama sunan launi, saiwarsa ake dakawa. Gangamau ma na ba da rawaya mai haske, sai dai rana na saurin kashe shi. Lalle ya fi son fata da gashi da farce, a kan itace ɗan ja-ja mai rauni yake bari.

Baba ya bambanta da sauran. Ba ya narkewa a ruwa sai ya ruɓa a karofi tare da toka, kuma abin da aka tsoma kore-kore yake fitowa, iska ce ke mayar da shi shuɗi, kamar yadda ake gani a marinar Ƙofar Mata ta Kano. Yana kama auduga saboda zarenta selulos ne, kusan rabin naman itace kuma selulos ne, don haka farin katako na ɗaukar baba. Amma kaifin ruwan karofi yana tayar da gashin itace, jiƙa mai tsawo kuma na kumbura shi. Tsomawa gajera-gajera, ana shanyawa a tsakani, ita ta dace.

Akwai ƙa'idoji uku da suka game dukkan waɗannan. Rini a gefen katako ba ya nitsa ko milimita ɗaya, don haka bayan an gama yanka da guga ake yin sa. Kafin rini a ɗan jiƙa katakon, ya bushe, a sake bi da samfefa mai laushi don a kwantar da gashin da ruwa ya tayar. Bayan rini kuma dole a rufe. Ƙaro na ba da ƙyalli amma gumi na narkar da shi, man gyaɗa ba ya bushewa. Kakin zuma na da daɗin taɓawa sai dai yana son a riƙa sabuntawa. Banish da gam ɗin nan mai saurin kamawa da ake kira sufa gulu su suka fi jure hannu.

5.4 Galura

Tun da William Perkin ya haɗa rinin farko na masana'anta a Ingila a 1856, kamfanin BASF na Jamus kuma ya fito da baban kanti a 1897, galura ta mamaye kasuwa saboda arha da sauri da kaifin launi. Ba laifi ba ne mai sana'a ya yi aiki da ita. Amma ta fuskar ciniki, alƙalami mai galura kowa a duniya na iya yin irinsa, har da araha fiye da namu. Wanda aka yi da darbejiyar Yerwa, aka baƙanta da bagaruwa da kuloko, aka ja masa zobe da karan dafi, shi ne wanda mai saye ba zai samu a wani wuri ba.

6.0 Cikas da Mafita

Cikas na farko wuta ce. A Janairun 2021 an lalata turakun layin lantarki tsakanin Damaturu da Maiduguri, birnin ya daɗe cikin duhu, har aka buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris 2023. Sa'ar da aka yi ita ce ƙaramin injin juyi bai cika cin fiye da wat 500 ba, abin da sola ke iya ɗauka. Ko babu wannan, ƙafar tsohon keken ɗinki tana juya guntun katako mai santimita 2, kuma maƙeran gari na iya haɗa sauran.

Na biyu ƙarafan ciki ne, waɗanda ake shigowa da su da kuɗin waje. Ana iya kauce musu. Rami mai wajen milimita 4 a dogon katako yana karɓar cikin biro irin na Bic da ake sayarwa a kowane shago. Babu bututu, babu tsagewa, in tawada ta ƙare a zare a sa wani. Injin da ya yi wannan zai kuma yi marfin kurtu, da 'ya'yan carbi, da kan sanda.

Na uku daji ne. Tun 2009 rashin tsaro ya taƙaita shiga daji, bukatar itacen girki kuma ta cinye na kusa da gari. Darasin madobiya yana gabanmu: an yi ta sare ta a Taraba da maƙwabta ana kaiwa Sin, har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido daga Janairun 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. Sana'ar alƙalami tana da hujjar zama a Sahel ne kawai in ta rayu a kan ragowa: reshen da aka sassabe, guntun da kafinta ya yar, kayan gida da suka tsufa.

Na huɗu shi ne magada. Gobarar Kasuwar Monde ta Fabrairun 2023, da ambaliyar 10 ga Satumba 2024 da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau har ta shiga Shehuri da fadar Shehu, sun nuna yadda dukiya da kayan aiki ke salwanta a dare ɗaya. Sanin da ke kan tsofaffi ma haka yake tafiya, sai dai shi ba a jin ƙararsa. Makarantu irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat da Jami'ar Maiduguri suna da damar zaunar da baduku da masassaƙi da alaramma da ɗalibin injiniya a kan tabarma ɗaya, a auna kowane haɗi, a gwada shi a rana da gumi, a rubuta.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa alƙalamin gamba darajarsa a baki take, na inji kuma a jiki, jikin nan kuwa itace ne da launi. Ya nuna cewa itatuwan da suka dace suna nan, cewa tsagewar da hunturu ke jawowa tana da lissafi da magani, cewa kuma baƙin da mai juya alƙalami ke nema da soson ƙarfe shi ne wanda baduku ya gada a kuloko, alaramma ya gada a tawadar takarda. Kasuwa ma ba sai an je nesa ba: garin da ake saukar Alƙur'ani da naɗin sarauta da yaye ɗalibai ba ya rasa mai neman kyautar da ta dace da mai ilimi.

Kakannin mutanen Shehuri sun karɓi takarda mai wata uku daga hannun fatake, suka ɗora mata gamba da bagaruwa da jar fata, duniya ta kira abin Barnawi. Injin juyi baƙo ne kamar yadda takardar ta kasance. Abin da za a ɗora masa yana nan a zauren malam da rumfar baduku da gindin darbejiya, muddin an je an tambaya tun masu shi suna raye.